Alhaji Alhassan Ɗantata (1877–1955): Marayan Bebeji Da Ya Zama Uban Attajirai

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke miƙa godiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, amintacce, wanda ya yi fatauci zuwa Sham tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, babu dattijon da ya zauna a Matamaye ko Kance ko Magarya da bai taɓa ganin wannan al'amari ba: mutum ya tashi a kasuwa, Allah ya buɗa masa, shagonsa ya cika, motocinsa suna kai da kawowa tsakanin Damagaram da Kano. Ranar da aka kai shi makwancinsa, kafin shekara ta zagayo, sai a tarar an sayar da motocin, an kulle shagon, ƴaƴa sun daina gaisawa, masu bin bashi suna tsaye a ƙofar gida, waɗanda ake bi kuwa sun ɓace. Dukiyar ta bi mai ita kamar tare aka binne su. Wannan ne ya sa muka zaɓi mu kawo tarihin wani attajiri da ya rasu yau sama da shekara 70, amma har yanzu gidansa na kasuwanci bai rushe ba, domin mu duba abin da ya gina a cikin kansa da cikin mutanensa kafin ya tara abin da ya tara.

Asalinsa

An haifi Alhassan a garin Bebeji, kudu da birnin Kano, a shekara ta 1877, wadda ta yi daidai da 1294 bayan Hijira. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, watau jagoran ayarin fatake, ɗa ne ga Baba Talatin, wani attajiri da ya taso daga ƙasar Katsina. Zuriyarsu Agalawa ce. Su Agalawa, tare da Tokarawa da Kambarin Barebari, su ne rukunai uku da suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na 19. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma ƴar kasuwa ce mai jarin kanta.

Wanda ya ji wannan nasaba zai ɗauka yaron ya tashi cikin daula. Ba haka Allah ya ƙaddara ba. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, aka raba gado, rabonsa kuma bai daɗe ba ya salwanta, gama yaro ba ya iya tsare dukiya. Mahaifiyarsa ta yi ƙaura zuwa Akra, birnin bakin teku da fatake ke kira Ankara, a ƙasar Gana ta yanzu, ta bar shi da ƴan'uwansa a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Daga sunanta aka samo laƙabin Ɗantata. Mai hankali ya tsaya nan ya yi tunani: sunan da ya cika Afirka ta Yamma, wanda aka rubuta a kan kamfanoni da tituna, ba na sarki ba ne, ba na madugu ba ne, na wata tsohuwa ce da ba ta mallaki kanta ba, amma ta riƙe amanar maraya. Shi kuma bai ji kunyar sunan ba, bai sake shi ba bayan ya yi arziki.

Makaranta biyu

Alhassan ya yi karatun allo a Bebeji, kuma ya ɗanɗani abin da almajiri ke ɗanɗana: yi wa malam aiki, neman abin kai wa baki, haƙuri da yunwa. A gefe ɗaya kuma yana ƴan saye da sayarwa na yara. An ruwaito cewa Tata ce ta koya masa ajiya a asusu, ta hana shi cinye duk abin da ya samu. Makaranta biyu ke nan ya haɗa tun yana yaro. Ta farko ta ba shi karatu da rubutu da sanin halas da haram. Ta biyu ta koya masa cewa riba daban, jari daban, kuma wanda bai iya riƙe ƙwandala ba, ba zai iya riƙe jaka ba.

Yana ɗan saurayi ya bi ayarin Gwanja domin ya ga mahaifiyarsa. Bai samu wurin hutu a can ba, sai ta sa shi ya ci gaba da karatu wurin wani malami. Daga baya ya komo Bebeji. Amma tafiyar ta buɗe masa ido: ya ga hanyar da ubansa da kakansa suka bi, ya ga inda goro ke fitowa, ya ga teku da jiragen ruwa.

Jarrabawar basasa

A shekara ta 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur, sai ƴaƴan Sarki Abdullahi Maje Karofi, da Yusufu a gabansu, suka ƙi mubaya'a. Yaƙin basasa ya ɓarke, bai lafa ba sai 1895, bayan Aliyu Babba ya hau gadon sarauta. Agalawa da yawa sun goyi bayan Tukur, saboda haka da aka ci su, aka washe dukiyarsu, aka kama wasunsu. Alhassan da ƴan'uwansa biyu, Bala da Sidi, suna cikin waɗanda aka kama, sai da aka fanshe su suka kuɓuta.

Sau biyu ke nan ya koma hannu rabbana kafin ya kai shekara 20: maraici ya ci gadonsa, yaƙi ya ci ɗan abin da ya tara. Abin da bai salwanta ba shi ne abin da ke cikin kansa, watau karatunsa, da sanin hanya, da sunan gidansu wurin fatake. Da wannan ya sake ɗaukar kaya.

Daga hanyar ayari zuwa hanyar teku

Fataucin Gwanja ba wasa ba ne. Ayari yakan tashi daga Kano da jakuna da takarkarai ɗauke da tufafin rini, da fatu, da kanwa irin wadda ake haƙa a gabas da Damagaram, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Borgu, ya bi ta Yandi har kasuwar Salaga. Zuwa da komowa kan ci watanni masu yawa, wani lokaci shekara guda. A hanya akwai ƴan fashi, akwai kuɗin fito da gaisuwar sarakuna a kowane zango, ga shi goro ɗanyen kaya ne, sai an yi ta buɗe shi ana tsincewa ana yayyafa ruwa ana sake ganye, in ba haka ba ya lalace.

Sai zamani ya juya. Faransawa suka kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka kama Kano a 1903. A wannan shekara ta 1903 kuma jirgin ƙasa ya haɗa Kumasi, tsakiyar ƙasar goro, da tashar jiragen ruwa ta Sekondi. Alhassan yana cikin Hausawan farko da suka gane ma'anar wannan. Wajen shekara ta 1906 ya riga ya fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, watau Legas. Tafiyar da ke cin watanni ta koma kwanaki, asara ta ragu, kuma jarin da a da yake juyawa sau ɗaya a shekara ya zama yana juyawa sau da yawa. Ya kuma ƙara da sarƙoƙi da duwatsun ado da yadudduka na Turai.

Ɗan madugu ne jikan attajirin ayari, da ya ce hanyar kakanninsa kawai zai bi, ba wanda zai zarge shi. Amma ya fahimci cewa abin da ya gada shi ne fatauci, ba jaki ba. Madugai da yawa da suka fi shi jari sun tsaya a tsohuwar hanya har ta mutu a ƙarƙashin ƙafarsu.

Gyaɗa

A 1911 layin dogo ya iso Kano daga Legas, aka buɗe shi ga ƴan kasuwa a 1912. Turawa sun yi zaton auduga za a riƙa ɗauka a kai, sai manoman ƙasar Hausa suka zaɓi gyaɗa, domin ta fi kuɗi, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Gyaɗar da Najeriya ta fitar waje ta tashi daga wajen tan 2,500 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su jin harshe, manoma kuma ba su yarda da su ba. Dole suka nemi fataken goro, waɗanda ke da yara a ko'ina kuma aka san su da cika alkawari.

A cikin waɗannan shekaru Alhassan ya tare a birnin Kano, ya kafa gida a wajen Koki, a wurin da ake kira Sarari. A 1918 kamfanin Niger Company ya nemi ya riƙa saya masa gyaɗa. Wannan kamfani ne daga baya ya shiga cikin haɗakar da ta zama UAC a 1929. Nan ma sai da ya sake zama ɗalibi, yana da shekara 40 da ƴan kai: ya koyi sikeli da awon tan, da kwantaragi mai wa'adi, da yadda farashin da aka yanke a Ingila ke taɓa manomin Bici ko Gumel. Zuwa 1922 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya cikin attajiran Kano, ya wuce manya irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo. Gare shi ake jingina fara jera buhunan gyaɗa a yi dala da su, abin da ya zama alamar Kano a idon duniya. An ce babbar dala guda kan ɗauki buhu 15,000. Dalilin yin ta kuwa shi ne gyaɗar ta fi ƙarfin taragon jirgi, dole a jera ta yadda ba za ta lalace ba har layi ya zo kanta.

Wannan labari ba na Kano kaɗai ba ne. Ƙasarmu ta Matamaye da Magarya tana cikin manyan wuraren noman gyaɗa a Nijar, kuma gyaɗar da kakanninmu suka noma ta kan dogon Kano take fita zuwa teku. Dattawa suna tune da masana'antar man gyaɗa ta Matamaye, da kamfanin SONARA da aka kafa a 1962, lokacin da gyaɗa ce kan gaba cikin abin da Nijar ke sayarwa waje.

Jarinsa na gaskiya: mutane

Mutum ɗaya ba ya sayen gyaɗar ƙasa guda. Yadda aikin ke tafiya shi ne, kamfani ya ba attajiri kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa, su shiga ƙauyuka da kasuwanni su saya su kawo. Duk tsarin a kan amana ya tsaya. In yaro ya gudu da kuɗi, maigida ne zai biya. In maigida ya kasa cika abin da ya ɗauka, kamfani ya rufe masa ƙofa.

Ƙarfin Alhassan yana nan. Ya iya zaɓen mutum, ya gwada shi da kaɗan kafin ya ba shi da yawa, ya bi lissafinsa, in ya ga ya kama hanya ya ƙara masa jari har shi ma ya tsaya da ƙafarsa. Yaransa sun bazu cikin lardunan Arewa, wasu a gyaɗa, wasu a goro, wasu a shanu da tufafi. Bai yi karatun boko ba, amma ya ɗauki masu rubutu da masu lissafi, kuma yana da babban mai kula da kuɗinsa, Garba Maisikeli, wanda ya san shige da ficen dukiyar. Ke nan lissafin bai zauna a cikin kan mutum ɗaya ba.

Gaskiya ta wajabta mu faɗi cewa cinikin gyaɗa na wancan zamani bai rasa zalunci ba. Manoma da yawa sun karɓi bashi da damina suka biya da gyaɗa a farashi mai rauni, kuma kukan tauye awo ya yawaita a kasuwanni. Ba mu kawo wannan tarihi don mu wanke zamani duka ba. Abin da muke nunawa shi ne, wanda ya daɗe shekaru kusan 40 kamfanoni suna ba shi kuɗi, yara suna kawo masa kaya, ta cikin faɗuwar farashi ta 1920 da ta 1929 waɗanda suka karya attajirai da yawa, lalle akwai abin da mutane suka gani gare shi na cika magana.

Raƙuma ashirin

Zuwa 1929 bankin Ingilishi mai suna Bank of British West Africa ya riga ya buɗe reshe a Kano. A lokacin attajirai a ɗaka suke ajiye kuɗi, wasu su haƙa rami su binne. Alhassan ya kai nasa ajiya, kuma labari ya shahara cewa kayan raƙuma 20 na kuɗin azurfa aka kai. Mutane sukan ba da wannan labari don mamakin yawan kuɗin. Abin da ya fi dacewa a yi mamaki shi ne, mutum mai shekara 52, wanda ya riga ya fi kowa, ya yarda akwai hanyar tsare dukiya da aika ta nesa wadda ta fi wadda ya saba. Hukuncin mu'amala da banki da nisantar riba kuwa, wannan babi ne da ɗan kasuwa zai zauna gaban malami ya koya, kamar yadda yake koyon farashi.

Tare da wannan yalwa, an san shi da tsimi da ƙin almubazzaranci. Ya sauke farali a shekarun 1920 ta jirgin ruwa, ya kuma biya wa wasu kuɗin aikin hajji. A ƙarshen rayuwarsa ya haɗa jari da wasu attajiran Kano suka kafa Kano Citizens Trading Company domin su shiga harkar masana'antu. Bayan an kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, ya samu lasisin saya mata kai tsaye a farkon shekarun 1950, matsayin da a da kamfanonin baƙi suka mamaye. Yana da shekara 70 da ɗoriya bai daina shiga sabon abu ba.

Ƴaƴansa da wasiyyarsa

Wanda gadonsa ya salwanta yana yaro ya san abin da ke faruwa in aka bar wa yara dukiya ba a bar musu iyawa ba. Saboda haka ya sa ƴaƴansa cikin aiki tun yana raye. Ya haɗa musu karatun addini da na zamani, har ya buɗe makaranta a gida. Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya fara ne da sayen gyaɗa kamar sauran yaran gidan kafin a ba shi riƙon wani yanki. Sanusi ya yi suna a gyaɗa da sufuri. Mamuda ya kafa kamfanin jigilar alhazai da ake taƙaita sunansa da WAPA, wanda unguwar Wapa ta Fagge ta samo suna daga gare shi, inda ƴan kasuwarmu ke canjin sefa da naira.

A 1955 ciwo ya kama shi. Da ya ji alamar ajali, ya tara ƴaƴansa da mai kula da kuɗinsa, ya yi musu wasiyya da su haɗa kai, kada su bari kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya wargaje, su riƙe zumunci, su taimaki na ƙasa da su. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, a ƙarshen watan Zulhajji na 1374, aka binne shi a gidansa na Sarari. A lokacin ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Babban ɗansa Ahmadu ya riƙe kamfanin har ya rasu a 1960, sai Aminu ya karɓa. Fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa, a Kano da nan ƙasarmu baki ɗaya. Amma gidan bai faɗi tare da gyaɗa ba, gama ya riga ya shiga gine-gine da sufuri da wasu sana'o'i, kamar yadda mai gidan ya bar ayari ya hau jirgi. Sanusi ya rasu a 1997, Aminu a 2025, aka binne shi a Madina. Aliko Ɗangote, wanda ya gina matatar man fetur a Legas, jikan Sanusi ne ta wajen ƴarsa Mariya.

Abin da ya rage gare mu

Ya ɗan'uwa mai shago a kasuwar Matamaye, ya mai motar da ke bin hanyar Ɗan Barto zuwa Daura da Kano, ba a ce kowa ya zama Ɗantata ba, arziki rabo ne. Amma akwai tambayoyi da tarihinsa ke ajiyewa a gabanka. Yaushe rabonka da koyon wani sabon abu game da sana'arka, ko game da hukuncin Shari'a a kanta? In ka kwanta ciwo wata guda, akwai wanda ya san abin da ake binka da abin da kake bi, a rubuce? Yaron da ya yi maka hidima shekara 10, ka ba shi jari ya tsaya, ko kana tsoron ya fi ka? Ɗanka ya san nauyin buhu da ɗacin asara, ko kuwa makullin mota kawai ya sani? Ka raba aljihun gida da aljihun jari, ka san ranar da zakkarka ke cika?

Rabon gado haƙƙi ne da Allah ya yanke, ba mai taɓa shi. Sai dai ana iya sanin rabon kowa ba tare da an yanka saniyar da ake tatsa ba, in magada sun yarda su zama abokan tarayya, kuma an bar musu littafi mai tsabta da wanda ya iya riƙo. Wannan ba a gadon ciwo ake shirya shi ba. Wasiyyar Alhassan ta yi aiki ne domin ya shekara da shekaru yana gina waɗanda za su ɗauke ta.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, ya jiƙan Tata da ta rene shi, ya gafarta wa magabatanmu. Allah ya sanya albarka a kasuwanninmu, ya tsare mu daga haram da cin amana, ya ba mu magada na gari. Amin.